Mai Tsaron Bayan Fili

Jaridu sun ƙirga maka komai, Nicanor:
shekara goma sha huɗu kana gadin bayan fili,
ƙwallo nawa ka cafe, nawa ka daka ya haye katanga.
Ni Casilda, ƙanwarka, ban iya lissafin besbol ba.
Abin da na sani ba ya hawa jarida.

Na san safar hannunka ta fari.
Kwalin madara ne, ni na huda shi da ƙusa,
na ɗinke bakinsa da zaren buhun sukari.
Sandarka reshen gwaba,
ƙwallonka kan 'yar tsanata
da ka fizge ran Lahadi muna coci.
Har yau ban yafe ba. To, na yafe rabi.

A Consuelo rake ya fi mutum tsawo,
ƙwallon da ya faɗa gona ya zama rabon kunama.
Nan ka koyi gudu ba ka duban ƙasa,
ido a sama kamar manomi mai jiran hadari,
ƙafa ta san rami tun ba ta taka ba.

Ba su san kunnenka na hagu a mace yake ba.
Zazzaɓi ya tafi da shi kana ɗan bakwai.
Ka ɓoye wa likitan ƙungiya,
ka ɓoye wa Yudelka har wata shida bayan aure,
tana ta raɗa maka daɗin baki a kunnen da ba kowa a gida.
Da guda ɗaya kake sauraron sanda.
Ka ce ita ke tona asirin ƙwallo:
in ta ce ƙwas, ja da baya,
in ta ce tim, rugo gaba.

Daren Osaka kuwa duniya ta gani.
Wasan ƙarshe, saura mutum ɗaya,
ƙwallo ya tashi kamar ya yi fushi da ƙasa.
Ka bi shi, ka taka katanga,
ka zura hannu cikin 'yan kallo,
ka faɗo da shi, da haƙarƙari biyu a karye.
Mu a nan gari ya waye,
mun cika shagon Don Evaristo tun asuba,
kana cikin iska aka ɗauke wuta.
Sai da rana ta take muka ji ka kama.
Mama ta ce ita dai ta ga ɗanta ya tashi sama,
sauran zance na masu rediyo ne.

Shekara uku a can, shinkafa da soyayyen ƙwai,
don ɗanyen kifi ya ƙi wuce maƙoshinka.
Jirgi kuma, in ya ɗaga, kai da ke hawa katanga,
sai ka ƙanƙame kujera kana kiran sunan Mama.

Akwai na Toledo, wanda ba ka so a tayar.
Ƙwallo mai sauƙi, ko yaro ya tare shi da hula,
ya faɗi tsakanin ƙafafunka, aka yi maka ihu.
Ka ce musu rana ce ta shiga idonka.
Ni ka kira da tsakar dare:
wani tsoho a layi na uku, da malafa,
ya karkata wuya yadda Baba ke yi,
Baba da ke kwance shekara tara.
Mai rubutu ya rubuta kuskure.
Bai yi ƙarya ba, bai kuma san komai ba.

Yanzu gwiwa ta ce ta gaji.
Kana yanke ciyawar filin makaranta da kanka,
kana sa yara su rufe ido su saurari sanda,
suna dariya, suna karo da juna.

'Yar tsanar da ka kawo mini daga Japan
tana kan kabad, da kanta, da komai.
Amma jiya na ga ƙaramin ɗanka
ya tsaya yana auna kan nan da ido.